Ƙarin da Ya Fito a Jijiyar Kunne: Yadda Aka Tsayar da Shi da Gashin Haske Ba a Buɗe Kai Ba

Wadda abin ya shafa

Yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba zan faɗi sunanta ba, haka ma asibitocin da muka shiga da likitocin da suka duba ta. Da yardarta na buɗe jakar takardunta, wadda ni ke riƙe da ita tun 2019. A ciki akwai faifan hoton kai guda 7, sakamakon gwajin ji guda 4, da tarin takardun magani da wasunsu rubutun ya fara gogewa.

A farkon 2018 shekarunta 44, 'ya'yanta shida, tana aure a cikin birnin Kano. Malama ce a Islamiyyar matan aure, kuma rabin aikinta sauraro ne: ɗaliba ta zauna gabanta ta kawo hadda, ita kuma ta tsayar da ita inda ta ja abin da ba a ja, ko ta fitar da harafi ba daga mafitarsa ba. Ba ta da hawan jini, ba ta da ciwon sukari, ba ta taɓa kwanciya a asibiti ba sai don haihuwa. A danginmu ba mu san wanda ya kurumce kafin tsufa ba.

Janairu zuwa Yuni 2018: ƙarar da ba ta ɗaukewa

Cikin hunturu ta fara jin wata ƙara a kunnen hagu, shuuu, kamar rediyon da ya kauce tasha. Ba ciwo, ba ruwa, ba zazzaɓi. Ta ɗora wa ƙura da mura. Hunturu ya wuce, bazara ta shigo, ƙarar tana nan.

Babbar 'yarta ce ta fara lura cewa Umma ta daina kara waya a kunnen hagu. Ko ta ɗauka da hannun hagu, sai ta mayar dama ba tare da ta san ta yi ba. Da azumi ya kama a tsakiyar Mayu aka shiga tadarisi, sai abin ya fito fili. Ɗalibar da ta zauna ta hagunta, Yaya tana jin muryarta sarai, amma ba ta iya rabe sin da sadi, ko kaf da ƙaf. Yadda ta faɗa mini a lokacin shi ne, "Ina jin murya, amma ba na jin magana." Sai bayan shekara guda muka san cewa wannan jimla kusan ita ce sunan cutar.

Yuli 2018 zuwa Maris 2019: abin da aka gwada

An fara da kemis, kamar yadda kowa ke farawa. Maganin ɗigawa kala biyu, sati biyu-biyu. Babu canji. A wani ƙaramin asibiti aka leƙa kunnen, aka ce akwai datti, aka wanke, aka haɗa ta da ƙwayoyin kashe ƙwayoyin cuta na kwana bakwai. Babu canji.

Wajen Satumba jiri ya shigo. Ba hajijiyar da ɗaki ke juyawa ba, a'a, in tana tafiya sai ta ji kamar ana jan ta gefe, musamman da duhu. Aka yi gwajin jini, aka ce maleriya da taifot, aka yi magani. Aka sake yi bayan wata biyu. Aka ɗora ta kan ƙwayar jiri, ta sha kusan wata huɗu a jere, tana sa ta barci da rana. A gida kuma ba a zauna ba: man zaitun da tofi ana ɗigawa, hayaƙi, rubutu, aka kuma yi mata ruƙiyya sau biyu, domin wasu na ganin ƙara a kunne da jiri aikin iska ne.

A watan Nuwamba, da ciwon kai ya ƙaru, maigidanta ya biya aka yi mata hoton CT na kai, ba tare da allurar da ke haska ƙari ba. Takarda ta fito cewa ba a ga komai ba. Wannan takarda ta kwantar wa kowa da hankali, kuma da ita aka riƙa rufe bakin duk wanda ya ce a sake dubawa. A duk tsawon wannan lokaci babu wanda ya auna jinta.

A Maris 2019 ta tashi alwalar asuba babu wuta, ta yi tangaɗi ta faɗi a tsakar gida. A satin ne kuma ta ce gefen leɓenta na hagu da kumatu sun yi mata nauyi, kamar an yi mata allurar cire haƙori.

Afrilu zuwa Mayu 2019: gano cutar

Likitan kunne, hanci da maƙogwaro na farko da ta gani a wani babban asibiti bai rubuta magani ba. Ya leƙa kunnen ya ce dodon kunnen lafiya lau. Ya kaɗa ɗan ƙarfen nan mai baki biyu ya ɗora mata a tsakiyar goshi, ta ce a dama take jin sa. Ya tura ta gwajin ji.

Sakamakon ya nuna kunnen dama daidai yake. Na hagu kuwa sai sauti ya kai desibel 45, a ma'aunin ƙarfin sauti, take fara ji, kuma cikin kalmomin da aka karanta mata kashi 60 cikin ɗari kawai ta maimaita daidai. Likitoci na ɗaukar kunne a matsayin mai amfani in bai wuce desibel 50 ba, kuma yana gane aƙalla rabin kalmomi. Wato nata yana bakin gaɓa. Likitan ya ce, "Hajiya, kurumcin kunne ɗaya da ƙara a kunne ɗaya, sai an duba jijiya." Ya rubuta hoton MRI tare da allura.

Hoton ya nuna ƙari mai tsawon santimita 2.2 a bayan kunnen hagu, ta cikin ƙoƙon kai. Ya fara daga cikin siririn ramin ƙashin da jijiyar ji ke bi daga kunne zuwa ƙwaƙwalwa, ya cika ramin, ya leƙo cikin kai, ya jingina da kututturen ƙwaƙwalwa amma bai ture shi ba. Sunan da aka rubuta a takarda shi ne vestibular schwannoma, wasu kuma na ce masa acoustic neuroma.

Ba ciwon daji ba ne. Daga rigar da ke lulluɓe jijiyar daidaita tsayuwa yake tsirowa, ba ya yaɗuwa zuwa wani sashe na jiki, kuma yawancinsa a hankali yake girma, milimita ɗaya ko biyu a shekara, wani ma ya tsaya cak. Illarsa wurin da ya zauna. A ramin nan jijiyar ji da jijiyar da ke motsa fuska kafaɗa da kafaɗa suke tafiya, sama kaɗan kuma akwai jijiyar da ke kai jin taɓi na fuska, wadda ita ce ta kawo nauyin leɓe. In ya ci gaba da girma yakan danne kututturen ƙwaƙwalwa, ya toshe hanyar ruwan da ke zagaya ta, ruwa ya taru a kai. Wurin kewaye yake da ƙashi mai kauri, shi ya sa hoton CT marar allura yakan tsallake irin wannan ƙari.

Yuni zuwa Satumba 2019: hanyoyi uku, gida ya rabu

Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa da aka tura mu wurinsa ya zaunar da mu ya shimfiɗa hanyoyi uku.

Ta farko a bar shi a riƙa ɗaukar hoto lokaci-lokaci. Ya ce ana yin haka ga ƙaramin ƙari, ko ga dattijon da ƙarin bai dame shi ba, amma ita tana da sauran shekaru a gaba in Allah ya so, kuma ƙarin ya riga ya taɓa jijiyar jin taɓi ta fuska.

Ta biyu tiyata: a buɗe ƙashi ta bayan kunne a cire. Amfaninta a fili yake, ƙarin ya fita, dannewa ta sauka nan take. Amma ya gaya mana gaskiya cewa a wannan girman da wuya jin kunnen ya tsira, kuma jijiyar fuska takan baje ta manne a jikin ƙarin kamar fatar albasa, ɓare ta ba tare da rauni ba sai hannun da ya saba. In ta samu rauni baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa, wani na ɗan lokaci, wani har abada.

Ta uku gashi da haske, a zama ɗaya, ba yanka. Ya ce ana yin sa ga ƙarin da bai wuce kamar santimita 3 ba, nata yana ciki. Ya ce shi dai a lokacin bai san inda zai tura mu a gida a yi wannan aikin da kwanciyar hankali ba, marasa lafiyarsa Masar ko Indiya suke zuwa. Ya kuma faɗi wata magana da ba mu riƙe da kyau ba sai daga baya: gashin ba ya cire ƙari, tsayar da shi yake yi.

A nan gida ya rabu. Maigidanta yana ganin a cire a huta, ina amfanin kashe kuɗi a dawo da abu a kai. Mahaifiyarmu kuwa da ta ji kalmar gashi sai ta fara kuka, domin ƙanwarta da ta yi ciwon dajin nono an yi mata gashi, fata ta ƙone ta yi baƙi, kuma ba ta tashi ba. A wurin Hajiya, gashi shi ne abin da ake yi wa wanda aka fid da rai da shi. Sai da muka koma da ita wurin likitan ya yi mata bayani da bakinsa cewa wancan ciwo daban, wannan daban, kuma yadda ake harba hasken ma daban.

Ita Yaya ba ta yi dogon jawabi ba. Ta ce kunne ɗaya in ya tafi tana da wani, amma baki ɗaya gare ta, kuma da shi take karantarwa. Ta zaɓi gashi.

Wata huɗu aka yi ana haɗa kuɗi, dala tana kan naira 360 a lokacin. An sayar da filin gadonta da gwal ɗinta, 'yan'uwa suka yi karo-karo, ɗalibanta ma suka haɗa abin da ya sawwaƙa. Muka tura faifan hoton Alƙahira ta hannun wani ɗalibin Azhar ɗan unguwarmu, wanda daga baya shi ya zama tafintanmu.

Oktoba 2019: ranar gashi

An sake hoto da gwajin ji kafin a fara. Ƙarin ya kai santimita 2.3. Jin hagu ya sauka zuwa desibel 55, gane kalmomi kashi 44. Wato a cikin watannin haɗa kuɗi kunnen ya fita daga sahun masu amfani.

Na'urar sunanta Gamma Knife, ma'ana wuƙar gamma, duk da babu wuƙa a cikinta. Wani likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ɗan Suwidin, Lars Leksell, shi ya fito da tunanin a 1951, ya yi aiki da masanin kimiyyar haske Börje Larsson, aka kafa na'urar farko a birnin Istokholm a 1968. A 1969 aka fara gasa irin ƙarin Yaya da ita. A cikin na'urar ta zamani akwai ƙananan ƙwayoyin ƙarfen kobal 60 guda 192, kowace tana fitar da siririn hasken gamma, an jera su ta yadda dukkan hasken zai haɗu a ɗigo ɗaya. Kamar hanyoyin ƙauyuka ne ranar kasuwa: kowace hanya mutum biyu ko uku ne a kanta, ba ka ganin cunkoso sai a tsakiyar kasuwa. Naman ƙwaƙwalwar da haske ɗaya ya ratsa kaɗan yake samu, inda suka haɗu kuwa nan ne aikin. Wannan ne ya raba shi da gashin da Hajiya ta sani, wanda ake bai wa fili mai faɗi, kaɗan-kaɗan kullum, na sati biyar ko shida.

Akwai wasu na'urorin da ke yin irin wannan aiki da hasken da lantarki ke haifarwa, kamar CyberKnife da aka ƙirƙira a Jami'ar Stanford ta Amurka, kuma wasu lokutan ana raba gashin zama uku ko biyar. Mu dai wannan muka samu.

Da ƙarfe bakwai na safe aka shiga da ita. Ba a aske mata gashin kai ba, abin da ta fi tambaya a kai tun daga Kano. An yi mata allurar kashe zafi a wuri huɗu, biyu a goshi biyu a ƙeya, aka ɗaura mata wani firam na ƙarfe marar nauyi da ƙusoshi huɗu da suka kama ƙashin kai. Ta ce allurar ta yi zafi, sannan ta ji kamar an matse kanta da ɗankwali fiye da kima, bayan minti kaɗan ya lafa. Firam ɗin shi ne ma'auni: da shi ake sanin inda ƙarin yake a faɗi da tsawo da zurfi, da kuskuren da bai kai milimita ɗaya ba, kuma shi ke hana kai motsi.

Da firam a kanta aka yi hoton MRI. Sannan muka zauna kusan awa biyu, tana shan shayi da tsinken roba, yayin da likitan tiyata da likitan gashi da masanin awon haske suke gaban kwamfuta suna zana iyakar ƙarin yanki-yanki. Girmansa ya fito 4.2 a ma'aunin cika da suke rubutawa cc. Suka tsara a ba gefensa haske 12 a ma'aunin da suke rubutawa Gy, tsakiyarsa kuma 24. Wannan lamba tana da tarihi. A shekarun farko ana ba da 16 zuwa 20, ƙari yana tsayawa amma fuskoki da dama suna shanyewa. A shekarun 1990 cibiyoyi irin ta birnin Pittsburgh na Amurka suka sauko zuwa 12 ko 13, aka ga ƙarin yana tsayawa a sama da kashi 90 cikin ɗari na mutane, shanyewar fuska kuma ta koma kusan ɗaya cikin ɗari.

Likitan ya faɗa mana abu ɗaya da bai samu yadda yake so ba. Ana so ɗan ƙashin nan na cikin kunne mai kama da katantanwa, inda sauti ke zama saƙon jijiya, kada ya samu fiye da 4 ko makamancin haka. Ƙarin Yaya ya shige ramin har ƙarshensa, ya kusa manne da katantanwar, don haka ta samu sama da 5. Ya ce kada mu sa rai da kunnen.

Gashin kansa ya ɗauki minti 70. Tsawon lokacin ya danganta da tsufan kobal ɗin, domin ƙarfinsa na raguwa da rabi duk bayan shekara biyar da 'yan watanni. Ta kwanta, gadon ya shiga da kanta cikin na'urar. Ba ƙara, ba zafi, ba wari. Ta roƙi a sa mata karatun Alƙur'ani, aka sa. Da aka gama aka kwance firam, aka manna filasta a wuri huɗu. La'asar a masauki ta yi ta. Kanta ya yi ciwo daren, goshi ya ɗan kumbura kwana biyu. Ranar ta biyar muka hau jirgin Kano.

Hajiya ta tambaya ko za a nisanta ta da yara saboda hasken. Amsar ita ce a'a. Hasken ratsawa yake yi ya wuce, ba ya zama a jiki.

Afrilu zuwa Yuni 2020: lokacin da aka ce gashin bai yi ba

Wata biyar na farko lafiya lau, ta koma makaranta. A wata na shida komai ya dawo, har ya fi da. Jiri ya tsananta, sai ta dafa bango. Nauyin fuska ya bazu zuwa gefen harshe. Fatar idon hagu ta riƙa rawa. Kai yana ciwo ta ƙeya. Kunnen hagu ya ƙara nisa.

Wannan ya faɗo daidai lokacin kullen korona. An rufe filayen jiragen sama na ƙasa da ƙasa tun ƙarshen Maris, an kulle Kano a Afrilu, ga azumi. Da kyar muka samu aka yi hoton MRI a Mayu. Ƙarin ya kai santimita 2.6, tsakiyarsa kuma ta yi duhu, ba ta ɗaukar allura kamar da. Wanda ya karanta hoton ya rubuta cewa ƙari ya girma duk da gashi, a nemi shawarar tiyata. Maigidanta ya ce dama ya faɗa. Aka fara maganar sayar da mota.

Na tura hotunan Alƙahira ta intanet, da wannan na Mayu da na Oktoba. Bayan kwana uku amsa ta zo ta bakin tafintanmu. Likitan ya ce abin da muke gani kumburi ne, ba girma ba, kuma ya faɗa mana tun a can, mu ne ba mu riƙe ba. Hasken yana lalata rubutun gadon halitta, wato DNA, da ke cikin ƙwayoyin ƙarin ta yadda ba za su iya rabuwa su hayayyafa ba, sannan a hankali ƙananan hanyoyin jinin da ke ciyar da shi su yi kauri su toshe. Tsakiyarsa ta fara mutuwa, shi ne duhun. Nama mai mutuwa kumbura yake yi kafin ya motse. Ya ce wannan yana faruwa ga mutane da yawa, galibi daga wata na shida zuwa shekara ɗaya da rabi, kuma ba a yanke wa gashi hukuncin gazawa sai an ga girma yana ci gaba hoto bayan hoto, har shekara biyu ko uku.

Abin da ya duba da kyau shi ne ramukan ruwan ƙwaƙwalwa, ya ga ba su buɗe ba. Ya rubuta maganin rage kumburi, dexamethasone, na sati uku ana rage shi a hankali. Ya lissafa alamun da in an gani ba a jira: amai da ciwon kai mai tsanani da safe, yawan barci ko ruɗewa, gani biyu-biyu, kasa tafiya, ko fitsari ya ƙwace. Muka kai amsar wurin likitan tiyatarmu na Kano, ya duba hotunan da kansa, ya ce ya yarda, a jira.

Maganin ya zo da nasa. Ya hana ta barci, ya buɗe mata ciki, fuska ta cika, sukarin jininta ya hau har sai da aka riƙa aunawa kullum. Ta ajiye azumin kwanakin ƙarshe ta rama daga baya. Cikin sati biyu ciwon kai da rawar ido suka lafa. Sukari ya sauka bayan an daina maganin.

Jirin kuwa ba magani ne ya kore shi ba. Wata ma'aikaciyar gashin ƙashi ta hana ta ƙwayar jiri gaba ɗaya, ta ce ƙwayar tana hana ƙwaƙwalwa koyon dogara da kunnen da ya rage. Ta koya mata atisaye: ta kafe ido a kan harafi ɗaya a bango tana juya kai hagu da dama, ta yi tafiya a layi ɗaya ƙafa gaban ƙafa, ta tsaya a kan katifa. Sau uku a rana. Satin farko ya ƙara mata jiri. Wata biyu bayan haka ta daina dafa bango.

Nuwamba 2020 zuwa 2023: awo

Nuwamba 2020, wata 13 bayan gashi: santimita 2.4. Nauyin fuska ya ragu zuwa ɗan wuri a gefen leɓe. Jin hagu desibel 70.

Oktoba 2021, shekara biyu: santimita 2.0. Nauyin fuska ya tafi. Jin hagu desibel 80, ba ta gane kalma da shi.

Ƙarshen 2023, shekara huɗu: santimita 1.7, ya janye daga jikin kututturen ƙwaƙwalwa. Fuska daidai take, ido yana rufuwa, murmushi bai karkace ba. Ƙarar kunne tana nan, ta ce ta fi jin ta da dare in gari ya yi tsit. Da duhu ko a ƙasa mai gargada har yanzu takan rage sauri.

Abin da na gani a cikin wannan lamari

Gashin ya yi abin da aka ce zai yi, bai ƙara ba. Ya tsayar da ƙarin, ya motsar da shi, ya bar mata fuskarta, kuma bai kwantar da ita ko kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Bai dawo da kunnen ba, kuma ina ganin shi ma ya ci nasa kason a cikin abin da ya rage na jin, tunda katantanwar ta sha haske fiye da yadda ake so. Amma mafi yawan kunnen kafin mu isa Alƙahira ya tafi. Wata 15 aka yi tsakanin ranar da ƙarar ta fara da ranar da aka fara auna jinta, gwajin da ba ya cin minti 30 kuma kuɗinsa bai kai na magungunan taifot da ta sha ba. Wannan ne ya fi ci mini rai. Ban zargi mai kemis ba, ban zargi masu tofi ba, addu'a kuwa da ita muka tsaya har yau. Abin da nake zargi shi ne yadda dukkanmu, har da ni, muka ɗauki kunne ɗaya ba a bakin komai ba, da yadda muka mayar da takardar CT hujjar daina tambaya.

Ya yi aiki ne domin ƙarin nata irin wanda ya dace da shi ne: ƙarami, mai iyaka a fili kamar ƙwallon goro, ba mai saiwa cikin ƙwaƙwalwa ba. Da ya kai santimita 3 da rabi yana ture kututturen ƙwaƙwalwa, da maigidanta ne ke da gaskiya, domin ƙarin da ya riga ya cika wuri ba shi da sararin kumburin da muka gani a 2020, tiyata ce maganinsa. Haka ciwon dajin da ke tsirowa daga naman ƙwaƙwalwar kanta yana kutsawa ba iyaka, ba a gama da shi da ɗigo ɗaya na haske. Inda wannan gashi ya fi amfani, ban da irin na Yaya, shi ne ƙananan ƙarin rigar ƙwaƙwalwa, da ragowar ƙarin da tiyata ta bari, da ƙananan ƙulluttukan dajin da ya taso daga huhu ko nono ya sauka a kai. Mutane da dama sun zo wurina tun daga lokacin da faifai a hannu suna neman lambar Alƙahira, kuma ba duka ne abin ya dace da su ba. Wanda zai faɗi haka likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne, shi ya sa nake mayar da su wurinsa tukuna.

Wuri mafi haɗari a tafiyar ba ranar gashi ba ce, Mayun 2020 ne. Da an buɗe kanta a lokacin, da an yi tiyata a kan nama mai kumburi da jijiyar fuska da ta sha haske wata bakwai da suka wuce, don cire ƙarin da ya riga ya kama hanyar mutuwa. Wanda ya karanta hoton bai yi ƙarya ba, 2.6 ta fi 2.3. Bai saba ganin ƙarin da aka gasa ba ne kawai, mu kuma mun dawo daga Masar ba tare da takardar da ta bayyana abin da za a gani a wata na shida ba. Da na san haka, da ban bar asibitin ba sai an rubuta mini wannan bayani, da adadin hasken, da ranakun hoto, da lambar wanda za a kira, kuma da na kai wa likitanmu na Kano tun satin da muka sauka.

Ƙarin yana nan a kanta, kuma za a ci gaba da ɗaukar hotonsa duk bayan shekara biyu ko uku. An yi mata maganar wata na'urar ji da ke ɗauko sauti daga kunnen da ya mutu ta kai wa mai lafiya, ta ce tukuna. A aji ta matsar da tabarmarta kusurwa, bango yana hagunta, mai kawo hadda kuma ta zauna ta dama.